Kafin Ka Taka Fedal a Jos

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinka, Malam Haruna mai gyaran rediyo da lasifika, Tudun Wada, Zariya, zuwa ga ɗana Abba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, ko tari ka yi ina ji. Allah Ya tsare ka a hanyar da za ka bi gobe, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na direba mai gyangyaɗi, Ya sauke ka Jos lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki.

Na san za ka yi mamaki. Tun ranar da ka ce za ka bi 'yan kiɗa zuwa Jos ban ƙara ce maka uffan ba. In ka gaishe ni, da ka nake amsawa. Kai ma ka daina zama inda nake. Gobe da safe za ka hau mota a Kwangila, in kuwa muka bar abin haka, za ka tafi ba mu yi sallama ba. Bakina ya yi nauyi, shi ya sa na aiko hannu.

Ban zo hana ka ba. Ka girma, har gemu ya fito maka, ko da yake har yanzu ana iya ƙirga gashin. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ji kana gaya wa ƙaninka Shamsu, yaron nan mai hankali da Allah Ya ba ni, cewa da ka sauka za ka sayi fedal. Wato ɗan akwatin nan da ake ajiyewa a ƙasa ana takawa, wanda ke kwaikwayon muryar manyan amfilifaya, har mutum ya shiga taro daga shi sai jita da 'yar jaka, a ji kamar ya zo da kayan da sai an yi musu a-kori-kura. Kana ta yi masa bayani kamar kai ka fara ganin abin a gidan nan. Abba, na taka wannan abu tun ba a haife ka ba.

Ina saurayi ina koyon gyara a Sabon Gari, sai wani mai ganga ya kawo amfilifayar ƙungiyarsu. Danjuma ke nan, wanda kake gani yanzu da furfura yana zuwa shago yana shanye mana shayi. Ya zo da jita don a gwada aikin. Na taɓa tsirkiya ɗaya, daga ranar hankalina bai ƙara zama a kan rediyo kaɗai ba. Shi ya koya mini, shi ya sa ni cikin ƙungiya, muna zuwa biki da suna da taron malaman makaranta. Kakanka Malam, wanda ka ci sunansa, shi ne limamin masallacin unguwarmu a cikin birni. Saboda haka jitata a gidan Danjuma take kwana, ni kuma in koma gida ina warin dalma, kamar ba abin da na taɓa tun safe sai cikin rediyo.

Amfilifayar da nake aro irin ta da ce, sai mutum biyu sun cicciɓe ta. Ɗan acaɓa in ya hango mu da ita sai ya ƙara wuta. Da muka ji wai an fara kawo wani akwati Kaduna da ya haɗiye muryoyin irin waɗannan duka, ban yi shawara da kowa ba, na tara abin da na tara na hau mota.

Kuskurena na farko a cikin shagon na yi shi. Na je hannu rabbana, ban ɗauki jitata ba, don kada wani ɗan unguwa ya gan ni da ita a tasha. Mai shagon ya sa mini hedifon a kunne, ya ɗauki jitarsa ya kaɗa da kansa. Wallahi ji na yi kamar an buɗe mini ƙofar wani ƙaton zaure, sauti yana zuwa ta dama yana komawa ta hagu.

Ya ce, "Malam, ka ji? Muryoyin da ke cikin wannan, ko shekara ka yi ba ka gama jinsu ba."

Na ce, "Wancan ƙaramin na ƙarfe fa?"

Ya ce, "Wancan na masu ƙaramin ƙarfi ne. Kai ai ka wuce nan."

Aka ce na wuce nan, sai na wuce. Na ɗauko babban, na roba, mai fitilu kamar motar amarya. Ban tsaya na lura ba cewa jitarsa ce na ji, da yatsunsa, a cikin kunnena ni kaɗai, inda babu ganga babu hayaniyar jama'a. Da na kai gidan Danjuma na yi ta latsawa, wannan murya kamar ana ruwa, waccan kamar jirgi zai tashi, wata kamar kyanwa ta faɗa rijiya. Danjuma ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam Haruna, fedal ka sayo mana ko kasuwar Tudun Wada?"

To ka ji. In za ka saya, ka tafi da jitarka da wayarka, ka kaɗa da hannunka, waƙar da ka saba. Kada ka yarda da hedifon, ba a cikinsa za ka yi aiki ba. Ka ce a jona maka a lasifika, a ɗaga sauti yadda ake ɗagawa a taro. In mai shago ya ƙi, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. Kuma kada yawan muryoyi ya ruɗe ka. Muryoyin da aka ajiye a ciki tun daga kamfani an cika musu amsa-kuwwa ne don su yi daɗi a shago, kamar yadda mai turare ke fesa maka a bayan hannu. Ka kashe duk wannan ado, ka bar muryar amfilifaya tsirara, ka ji ko tana da daɗi ita kaɗai. A aiki abin da za ka nema kaɗan ne: murya mai tsabta ta rakiya, wata mai ɗan kaushi, sai wadda za ka fito da ita in an ba ka fili. Yaron da ya riƙe izu ɗaya da kyau ya fi wanda ya tsinci aya nan aya can a cikin sittin.

Ka kuma duba abin da ni ban duba ba. Ka taka shi da takalmi, ba da yatsa ba, ka ji ko sauti yana yankewa tsakanin murya da murya. Nawa yana yin ɗan shiru kafin ya canza, kamar mai in'ina, a tsakiyar waƙa kuwa wannan ɗan shirun kowa sai ya ji shi. Ka fita da shi bakin ƙofa ka ga ko rubutun gilashinsa yana karantuwa a rana, don yawancin bukukuwa a fili ake yinsu. Ka zaɓi wanda za ka iya rage kauri ko kaifi da murɗawa ɗaya, ba wanda sai ka durƙusa kana latse-latse kamar mai neman lamba a waya ba. In na ƙarfe ya samu, ka bar na roba. Ƙafarka irin ta dangin uwarka ce, ba ta san lallami ba.

Kuskure na biyu a unguwar Kongo, nan Zariya, ya same ni, a bikin 'yar wani malamin jami'a, da rana tsaka, mutane sun cika rumfa. Na ɗauki fedal na jona a gaban amfilifayar nan ta aro, ina ganin ai daɗi kan daɗi ke nan. Abin da ban sani ba, shi fedal ba amfilifaya kaɗai yake kwaikwayo ba, har da akwatin lasifikarta. Ni kuma na sake tura shi cikin wata amfilifayar da nata akwatin. Babbar riga a kan babbar riga. Sautin ya fito a toshe, kamar mutum yana magana da bakinsa a cikin tulu. Na ƙara kaifi, ya koma ƙarar kwano. Na rage, ya koma tulu. Ina ta gumi a durƙushe, wata tsohuwa a gaba ta ce da ƙarfi, "Wai shi wancan kiɗa ya zo yi ko ɗaurin takalmi?" Rumfa ta kwashe da dariya. Ranar sai da muna naɗe wayoyi Danjuma ya ce, "Kai fa mai gyara ne. Da wani ne ya kawo maka wannan haɗin, da ka zage shi."

Gaskiyarsa. Son abu ne ya toshe mini abin da na sani. Saboda haka tun kafin ka saya, ka tambayi shugaban ƙungiyarku: ina sautina zai shiga? In kai tsaye zai tafi mikisa, na'urar da ke haɗa sautin kowa, da manyan lasifikun taro, ka bar kwaikwayon akwatin a kunne, in ba haka ba jitarka za ta yi ta zizar sauro. In kuwa akwai amfilifayar jita a wurin, ka kashe shi. Fedal ɗin da ba ya bari a kashe wannan a kunna wancan, ko kyauta aka ba ka ka yi tunani. Ka juya bayansa ka ƙirga ramukan da kanka, ka tabbata akwai na mikisa.

Sai maganar gurnani. Na san ka, ina jinka ta bango. Kana son ka murɗa abin nan har ƙarshe, jita ta yi ta ruri kamar janareta ya sha gurɓataccen mai. Ni ma haka na yi. A ɗaki kai kaɗai yana da daɗi, kana jin kanka wani ƙato. Amma da ganga ta shigo, fiyano ya shigo, sai ka ɓace, ba a jin me kake kaɗawa sai shuuu. Sai ka ƙara sauti, sai ka danne mai waƙa. Akwai wata mata da ke mana waƙa a lokacin, wata rana ta ajiye makirfo a tsakiyar baiti ta juyo ta ce, "Ɗan Liman, in kai aka gayyata ka gaya mini in je in zauna." Har yau in na tuna sai na ji kunya ta kama ni.

Ka rage gurnani ya koma rabin abin da ranka ke so. Ka rage kauri, wannan wurin mai jitar bes ne, ba gonarka ba ce. Ka bar tsakiyar murya, ita ce ke ratsa taro. Kuma kada ka gyara muryoyinka a ɗaki da ƙaramin sauti ka ce ka gama, ka gyara su a wurin gwaji tare da kowa. Ka daidaita ƙarfinsu, kada ka taka ɗaya a ji kamar raɗa, ka taka ta kusa da ita yara su fashe da kuka. In wani ya ce zo in tura maka saitin wane, ka karɓa ka yi godiya, amma ka sani an ɗinka shi ne a kan jitar wane da yatsun wane. Wannan akwatin gwanin kwaikwayo ne, kamar ƙaninka da ke iya muryar kowa a unguwa, amma ba ya ƙara wa hannu abin da babu.

Af, tunda na ambace shi: shaddar nan taka ruwan toka ta yi maka kaɗan a kafaɗa, kuma Jos sanyi gare ta, ba ta shadda ba ce. Ka bar wa ƙaninka. Umarni ne.

Wuta kuma ba sai na ja maka kunne ba, a shago ka tashi. Ka riƙe adaftar da aka sayar maka da shi kamar katin shaidarka. Kada wani ya ce kawo ga tawa, bakinsu ɗaya. Baki ɗaya ba ciki ɗaya ba ne. Kada ka jona kafin a tayar da janareta, ka bari ya daidaita. Ka ga gawarwakin kayan wuta da ake kawo mana.

Duk waɗannan ƙanana ne, Abba. Da su kaɗai ne da ban ɓata takarda ba, da Danjuma na tura ya gaya maka. Ga wanda ya sa na rubuto.

Bayan abin Kongo, na gane cewa wannan fedal kai tsaye yake so a tura shi, ba ta cikin amfilifayar jita ba. Sai na ƙagu in ji yadda zai yi. Kayan Danjuma an ba da su haya. Ni kuwa akwai wata amfilifaya a hannuna da makullinta ke aljihuna: ta masallacinmu. Malam da kansa ya ɗora ni a kanta. A gaban dattawa ya ce, "Tunda Haruna ya ƙi zaman karatu ya zaɓi waya, to ya yi wa Allah aiki da wayar." Tana cikin wani ɗan ɗaki a gefen masallaci inda ake ajiye tabarmi da butoci. Ni ke share ta, ni ke gyara ta, ban taɓa karɓar ko sisi ba, kuma Malam yana jin daɗin haka ko da bai faɗa ba.

Wata rana bayan azahar, mutane sun watse, na shigo da jita a naɗe cikin tabarma. Na rufe ƙofa. Na zare wayar ƙahon lasifikar da ke kan soro, na jona wata 'yar lasifika da na zo da ita, na rage sauti. A raina na ce minti kaɗan, ba wanda zai ji, ai ba cikin masallaci nake ba. Na taka fedal na kaɗa. Abba, ban taɓa jin jitata ta yi daɗi irin na ranar ba. Tas, kamar an wanke ta. Na lumshe ido na bi waƙa, na ƙara sauti kaɗan, na ƙara.

Ƙaho biyu ne a masallacin. Na biyun ni da hannuna na ɗaura shi kafin azumi, yana kallon bakin titi, don matan cikin lungu su riƙa jin kiran assalatu. Wayarsa ta baya na bi da ita, kuma ita ban zare ba. Na manta da aikin hannuna.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Bugun ƙofa ne ya dawo da ni, ladan yana cewa, "Haruna! Haruna! Innalillahi, kashe! Duk gari na ji!" Na buɗe. Yara sun cika harabar suna tsalle, mata suna leƙe ta kan katanga, masu shago sun fito bakin titi. Mutane suka dare, sai ga Malam. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya dubi jita, ya dubi akwatin da ke ƙasa yana ta walƙiya, ya dube ni. Na jira mari. Na jira zagi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka gama? La'asar ta yi." Ya juya ya tafi alwala.

Da hannuna na mayar da wayar, ladan ya kira salla a makirfon da jitata ta gama bi. Na yi sallar a sahun ƙarshe, ban san me na karanta ba.

Ni abin dariya na zama, wannan da sauƙi. Malam ne ya biya. Wasu dattawa suka daina binsa salla na wani lokaci, suna cewa wanda bai san abin da ke gidansa ba ina zai san abin da ke gaban jama'a. Wasu ɗalibansa suka koma wani zaure. Mutumin da ko muryarsa ba a taɓa ji a waje ba, aka riƙa nuna gidansa ana cewa gidan su mai jita. Washegari na kai wa Danjuma jita da fedal na ce ya yi yadda ya ga dama da su. Na ajiye makullin ɗakin a kan buzun Malam lokacin da ba ya nan. Da na dawo na tarar da shi a kan matashina. Ban gane ba a lokacin cewa amanar ce ya mayar mini. Na ɗauka cewa yake yi ko taɓa abin da na taɓa ba ya so.

Darasin waya a fili yake: kafin ka taɓa tsirkiya, ka bi wayarka da hannu har ƙarshenta, ka san wa zai ji ka. A kowane taro, a kowane gari. Sauti ba ya tsayawa inda ka yi niyya, kuma sunan da ke bayanka ba naka ba ne kai kaɗai.

Amma ba shi ne ke hana ni sakewa ba. Abin da ke ci na shi ne ban taɓa zuwa na durƙusa gabansa na ce Malam ka yafe mini ba. Jira na yi ya kira ni ya yi faɗa, in samu ƙofar ba da haƙuri. Shi kuma, yanzu na gane, jira yake in zo. Muna gaisawa, ina kai masa cefane, in ya yi baƙi ni ke zuba ruwa, amma maganar tana nan tsakaninmu kamar tulun da ba wanda ke son ya fara ɗagawa. Na yi aure na dawo Tudun Wada, na ce in na natsu zan je. Na ce bari a yi bikin salla. Na ce bari ya warware daga zazzaɓin nan. Bai warware ba. Da aka haife ka na sa maka sunansa, kuma ko sunan ba na iya kira.

Da ka zo ka ce mini za ka Jos da jita, ba fushi ne ya rufe mini baki ba. Na buɗe baki ne na ji abin da zai fito bai wuce na Malam ba, sai na tsorata, na yi shiru. Ashe shirun ma nasa ne. Kada ka yi irin jiran da na yi. Uba ba ya iya fara irin wannan magana, haka aka gina mu. Ɗa ne ke tsugunawa. Ko ka ga fuska a ɗaure, ka tsuguna.

Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya sa ka ci halal da hannunka, Ya tsare ka daga abokin da zai ɗauke ka daga salla, Ya tsare kunnenka da idonka da sunan gidanku. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ne mahaifinka,

A'a. Nan kam hannuna ya ƙi. Na iya muryarsa, amma ba zan sa sunansa a ƙarƙashin albarkar da bai furta ba tukuna.

Yaya Abba, ni ne. Na san tun wajen shadda ka fara zargi, in ma ba tun "yaron nan mai hankali" ba. Baba bai rubuta ko harafi ɗaya a nan ba, bai ma san na yage takardu daga littafin shago ba. Da farko niyyata in tsokane ka ne kawai, in ga ka fito tsakar gida kana share hawaye in fashe da dariya. Da na kai tsakiya sai dariyar ta tsaya.

Kada ka ce duka ƙarya ce. Maganar Kaduna da Kongo da ta mai waƙa, Baba Danjuma ne ya ba ni su guntu-guntu in Baba ya tafi masallaci, shi ya kuma yi mini bayanin fedal har na gane. Maganar ƙaho da makulli Goggo Asabe ce ta gaya mini, ranar da na kai mata rediyonta, ta ce in na faɗa wa wani Allah Ya isa. Ga shi na faɗa, sai ka taya ni ba ta haƙuri. Abin da na ƙara da kaina shi ne abin da ke cikin ran Baba. Wannan ban sani ba, zato na yi. Mai yiwuwa ka je ya kore ka, ban yi maka alkawarin komai ba.

Abin da na gani da idona ɗaya ne. Shekaranjiya da kake gwaji a ɗaki, muna zaure ni da shi, yana jin labarai. Sai na ga ya miƙa hannu ya rage rediyo. Ya daɗe kansa a sunkuye. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Hannun yana da kyau. Kaifin ne ya yi yawa." Da ya ga ina kallonsa sai ya ce in tashi in ba awaki ruwa.

Ni na gaji, Yaya. "Ka ce wa wancan ya rufe famfo." "Ka ce wa Baba na fita." Kai gobe ka tafi, ni za a bari da wannan shirun, da Inna da ke kuka a kicin tana cewa albasa ce. Yau bayan azahar Baba zai koma shago, ba kowa sai ni da shi. Zan ce zan je Dutsen Abba karɓo wata amfilifaya, kuma zan daɗe, don babu wata amfilifaya. Bencina na nan kusa da nasa, ba kowa a kai. Kada ka zo da wannan takarda, in ya gan ta fatata ce za ta gaya mini.

Allah Ya kiyaye hanya, da gaske nake yanzu.

Ƙaninka Shamsu ne ya rubuta, tun daga bisimilla har nan.